Bangon gida yana jiƙa ta wajen indararo ko bututun ruwan sama: yadda ake gyara shi daga farko har ƙarshe

Tun da ruwan Agusta ya kankama mutane suke ta tambayata abu ɗaya, wai bangon ɗakinsu ya yi duhu ta ciki, fenti yana kumbura yana zuba kamar ɓawon rogo, kuma ɗakin yana wani wari irin na tabarmar da aka naɗe da danshi. Da na tambayi mutum me ke bayan bangon ta waje, mafi yawanci amsar ita ce indararo ne ko bututun da yake sauko da ruwan rufi. Mu ma gidanmu na gado a cikin gari haka ya yi mana shekara uku a jere, muna fenti yana zubewa muna sakewa, sai da muka gane ba fentin ne yake da laifi ba. To ga yadda ake yi, kuma don Allah a bi shi a jere, domin yawancin asarar da ake yi a wannan aikin daga juya tsarin take zuwa, mutum ya fara da filasta da fenti alhali ruwan yana nan yana shiga.

1. Ka tabbatar bututun ne

Kar ka sayi komai tukuna. Danshin bango iri-iri ne kuma kowanne da kamanninsa. Wanda yake zuwa daga bututu ko indararo yakan bi tsaye ne daga sama zuwa ƙasa, daidai saitin bututun, ko kuma ya yi faɗi a kusurwar da ruwan yake faɗowa, kuma yana ƙaruwa kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ruwa mai yawa. Wanda yake tasowa daga ƙasa shi kuma a kwance yake bin bango, da wuya ya wuce mita ɗaya daga daɓe, za ka ga kamar an ja masa layi. In kuwa bangon yana jiƙe har a watan Maris da ko ɗigon ruwan sama babu, to ka nemi bututun famfo ko na banɗaki da ya fashe a cikin bango, wannan aikin mai falamba ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki lema ka fita lokacin da ake tsuga ruwa ka tsaya ka kalla. Minti biyar ya isa ka ga ko ruwan yana ambaliya ta saman gata, wato kwararon da yake tare ruwa a bakin rufi, ko yana fita ta mahaɗar bututu, ko yana bin bayan bututun yana lasar bango, ko kuma yana dukan ƙasa yana fantsama a gindin gini. In ba lokacin ruwa ba ne, wani ya hau sama da tiyo ko bokiti uku huɗu ya zuba kai kana ƙasa kana kallo.

Gargaɗi: in akwai soket ko makunnin wuta a jikin bangon da ya jiƙe, a kashe wutar wannan layin daga babban makunni kafin a taɓa komai, kuma a hana yara zuwa wajen. Jiƙaƙƙen bango yana ja.

2. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Abin da za ka tanada: tsani mai ƙarfi, guduma da cizal, burushin waya, zarto na yanka roba, tef na awo, lebul, cokalin gini, kwanon sarki, shebur. Sai kayan saye: bututun roba inci 4, gwiwa biyu ko uku gwargwadon lanƙwasar da za a yi, gam na bututu, kilif na riƙe bututu da fisha (robar da ake cusawa a bango don ta kama ƙusa) da kusoshinsu, ɗan guntun raga, siminti, yashi mai kyau, da tsakuwa in za a zuba kankare a gindin bango.

Maganar kuɗi, kowa ya san yadda kasuwa take, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, don haka abin da ya fi shi ne ka rubuta adadin kayan ka je ka tambayo farashi a shago biyu uku a ranar da za ka saya. Ga bango ɗaya mai bututu ɗaya a gidan da ba bene ba, bututu tsayi ɗaya yakan isa, gwiwa 2, kilif 3 ko 4, ƙaramin gwangwanin gam 1, siminti buhu 2 zuwa 3 in har da kankaren ƙasa. Abin da nake so a lura da shi, ɓangaren bututun shi ne mafi araha a duk aikin. Filasta, fenti da kuɗin birkila su ne suke cin kuɗi, su ne kuma suke lalacewa in ba a gyara mai arahar ba.

Kar a sayi siririn bututun nan mara kauri don ya fi sauƙin kuɗi. Ranar arewa tana gasa shi, shekara biyu ka ga ya yi fari ya bushe, yaro ya doka ƙwallo ya fashe. Matsa shi da hannu a shago, in ya lotsa cikin sauƙi ka bar musu kayansu.

3. Fara daga sama

Ruwa daga sama yake zuwa, kai ma daga can za ka fara. Hau ka kwashe duk abin da ya taru a gata ko a bakin indararo: ganyen darbejiya, leda, ƙurar hunturu da ta zama laka, sheƙar tantabara, wani lokacin har takalmin yara. A gidaje masu rufin kankare, wato dakin, da suke da rawani, wato 'yar katangar da ta zagaye rufin, nan ne babbar matsalar take, domin in bakin ya toshe rufin zama yake kamar tafki, ruwan ya kwana a kai, dole ya nemi tsaga ya bi ta cikin bango.

Mutane ba sa ƙiyasta yawan ruwan da rufi yake tarawa. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Ke nan rufin da yake mita 10 a tsaye 10 a kwance, in aka yi ruwa na milimita 30 a dare ɗaya, wanda ba wani abin mamaki ba ne a watan Agusta, lita 3,000 zai sauko, duro 15 ke nan na lita 200. Ka yi tunanin duk wannan yana bi ta ƙaramin baki ɗaya da leda ta rufe rabinsa. Shi ya sa ni dai a nawa ganin in rufi yana da girma gara a ƙara mafita ta biyu da a dogara da guda ɗaya, kuma inci 3 ya yi kaɗan ga irin ruwan da ake yi mana da iska, a sa inci 4.

Bayan sharewa ka zuba ruwa ka ga ko yana gangarawa zuwa bakin bututu ko yana kwanciya a tsakiya. Gatar kwano da ta lotsa a ɗaga ta a ƙara mata maɗauri, gangara ta kamar santimita 1 a kowane mita 3 ta wadatar. In ta yi tsatsa ta huhhuje a canza wannan ɓangaren, liƙi da kwalta na ɗan lokaci ne. Sannan a sa raga a bakin bututun, amma a lanƙwasa ta ta yi tudu kamar kwando a kife, shimfiɗaɗɗiyar raga ganye biyu ne za su rufe ta.

Gargaɗi: in soron ƙasa ne kuma ya sha ruwa, kar a hau shi da nauyi, mutum ɗaya mara jiki ya hau yana bin gefe ta jikin bango. A fara dubawa ta cikin ɗaki, in azara ta yi baƙi ko ta lanƙwaso ko gara ta ci ta, a fitar da mutane daga ɗakin a kira magini. Duk damina sai mun ji labarin gini ya faɗa wa mutane suna barci, wannan ba wajen jarumta ba ne.

4. Wuyan indararo

Nan zan ɗan daɗe domin a tsofaffin gidajenmu nan ne ruwan ya fi sata. Indararo yana ratsa rawanin gini ne ya fito waje, kuma daidai inda ya ratsa ɗin, tsakanin ƙarfen da ƙasar ko simintin da ya riƙe shi, wata 'yar tsaga takan buɗe. Ƙarfe yana buɗewa da zafin rana ya tsuke da sanyin dare, ginin kuma ba ya motsi tare da shi, a hankali sai su rabu. Ruwa sai ya riƙa bi ta ƙarƙashin indararon maimakon ta cikinsa, ya shiga tsakiyar bango inda ba mai ganinsa sai ya ɓullo a ɗaki.

Abin da ake yi, a fasa zagayen wuyan kamar tafin hannu ta kowane ɓangare, a ciro indararon gaba ɗaya. In ya ruɓe a kai wa masu aikin kwano su buga sabo, kuma ka ce musu su bar masa fuka-fuki ta ciki, wato faffaɗan leɓe da zai kwanta a kan rufin ya shige ƙarƙashin yaɓe ko filasta, ta yadda ruwa ba shi da hanya sai cikinsa. A dasa shi bakinsa yana kallon ƙasa kaɗan. Na sha ganin wanda aka dasa a miƙe sak ko ma ya ɗan ɗaga sama, ruwan yana komowa baya.

Tsayinsa ma abin dubawa ne. Magina na da sun san abin da suke yi da suke sa dogon indararo, don ya jefa ruwan nesa da bango. Yanzu saboda tsadar kwano sai a yanko guntu wanda bai fi taƙi ɗaya ba, iska tana kaɗawa ruwan ya dawo jikin gini. In za ka bar shi a buɗe ya fito aƙalla rabin mita ko fiye. In lungu ne matsattse kuma ruwan zai doki bangon maƙwabci, to kar ka yi haka, haƙƙi ne, ka haɗa masa ɗan akwatin kwano a baki ka sauko da ruwan ta bututu.

5. Sauko da bututun

Ciro tsohon ka duba bayansa, ɓangaren da yake manne da bango, nan ne tsaga take ɓuya. Tsofaffin bututun ƙarfe ta baya suke fara ruɓewa gabansu yana nan kamar lafiyayye.

Wajen ɗora sabo akwai abubuwa uku da ake kuskurewa. Na farko mahaɗa: bakin bututun sama shi ne yake shiga cikin faffaɗan bakin na ƙasa, in aka juya ruwa zai riƙa tsiyaya ta mahaɗar ko an sa gam. Na biyu a goge bakin da tsumma busasshe kafin a shafa gam, a tura a ɗan murɗa a riƙe na rabin minti. Na uku kar bututun ya kwanta a jikin bango, a bar tsakani kamar yatsu biyu, don iska ta riƙa wucewa kuma in ya fara yoyo ka gani da wuri. Kilif ɗaya a ƙarƙashin kowace mahaɗa, sauran kuma kar tazararsu ta wuce mita ɗaya da rabi. A bangon ƙasa fisha ba ta kamawa, sai a dasa guntun katako mai ƙwari wanda aka shafa wa maganin gara a ɗaure a jikinsa.

Akwai gidajen da aka binne bututun a cikin bango ko cikin ginshiƙi don kwalliya. In irin wannan ne ya fashe shawarata kar ka wahalar da kanka da fasa bango kana nemansa, toshe bakinsa ta sama da kankare sosai, ka buɗe sabuwar mafita ka sauko da bututu ta waje inda ido yake ganinsa. Bai kai wancan kyau ba, na yarda, amma duk ranar da ya samu matsala da tsani kawai za ka gyara.

Gargaɗi: wasu gidajen da aka gina shekarun 1970 da 1980 gatarsu ko bututunsu ko rufinsu na asbestos ne, mai ruwan toka kamar siminti. Kar a yanka shi da zarto ko injin yanka, kar a farfasa shi, ƙurarsa tana yi wa huhu mummunar illa. A jiƙa shi da ruwa, a rufe hanci, a kwance shi ɗungurungum.

6. Inda ruwan zai faɗa

Rabin gidajen da na duba bututunsu lafiya lau yake, kawai dai yana ƙarewa ne a gindin bango ya juye duro goma sha biyar ɗin nan a kan harsashin gini. Sa gwiwa a ƙarshensa ta juya bakin waje, ka ƙara guntun bututu ko ka gina 'yar kwata da siminti ta kai ruwan aƙalla mita ɗaya da rabi zuwa biyu nesa da bango, in da hali har lambatu. Ƙasar da take jikin ginin a cike ta ta gangara waje, a zuba mata kankare mai faɗin santimita 60 zuwa mita 1 a bi bangon da shi. Dakalin da iyayenmu suke yi a jikin bango ba don zaman hira kaɗai ba ne, yana tare gindin ginin daga fantsamar ruwa, in naku ya farfashe a gyara shi.

In babu lambatu a kusa sai a haƙa rami a cika shi da duwatsu da fasassun bulo ruwan ya riƙa nutsewa, amma ya yi nesa da gini kamar mita 5, kuma ba kusa da masai ko rijiya ba. Wanda yake da hali ya sa tanki ko duro a ƙarƙashi ya tara na wanki, sai dai a yi masa murfi saboda sauro da yara, kuma a yi masa mafitar da in ya cika rarar za ta bi kwata, in ba haka ba ka dawo gidan jiya.

7. Kankare bangon ka bar shi ya sha iska

Sai yanzu za a taɓa bangon. Ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma, duk inda ya yi ƙara kamar ganga filastar ta rabu da gini, a sauke ta har a wuce iyakar danshin da kamar santimita 30. Farin garin nan mai kama da kanwa da yake fitowa gishiri ne da ruwa ya jawo daga cikin bulo, a goge shi da burushin waya a bushe a share. In ka wanke shi da ruwa narkewa zai yi ya koma ciki ya sake fitowa. Baƙin fumfuna kuma a goge shi da ruwan bilic, kofi ɗaya a galan ɗaya na ruwa, taga a buɗe, safar hannu a hannu, kuma kar a haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki. Mai asma da jarirai su bar ɗakin har a gama.

Daga nan sai haƙuri, kuma nan ne kowa yake gazawa. Bango ba ya bushewa a sati ɗaya. Ƙiyasin da masu gini suke yi shi ne kamar wata ɗaya ga kowane inci na kaurin bangon da ya jiƙe, iskar hunturu tana rage wannan sosai amma duk da haka bulo inci 9 da ya sha ruwan damina guda yana buƙatar watanni, katangar ƙasa mai kauri ta fi haka. A janye kabad da gado daga jikinsa, a riƙa buɗe taga. Tsarin da ya fi dacewa da mu shi ne a gyara bututu yanzu ko ana ruwa, a kankare bango a watan Oktoba, a bar shi Nuwamba da Disamba da Janairu, a yi filasta wajen Fabrairu.

In kana so ka gwada ko ya bushe, manna farar leda mai faɗin tafin hannu biyu a bangon ka liƙe gefunanta da salatif ka bar ta kwana biyu. In ka ga gumi ta cikinta ko wajen ya yi duhu, da saura.

8. Filasta da fenti

Ga bangon bulo, a yayyafa masa ruwa kaɗan, a yi kwaɓi na siminti 1 yashi 4 ko 5. Yashin ya zama wankakke mara ƙasa. Ta waje ana iya zuba maganin hana ruwa da ake sayarwa a shagunan kayan gini, a bi awon da aka rubuta a jikinsa. Kar birkila ya ce zai zuba siminti da yawa don ya yi ƙarfi, kwaɓin da siminti ya yi masa yawa tsagewa yake yi. A riƙa ba filastar ruwa safe da yamma har kwana 7, musamman da yake lokacin iska ne, sannan a jira sati uku zuwa huɗu kafin fenti.

Ga bangon ƙasa maganar daban ce, kuma ina roƙon a saurare ni a nan. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yana rabuwa da ita ya bar kogo a tsakani, ruwa ya shiga ta sama ya rasa hanyar fita, katangar tana narkewa a ciki waje kuma sumul, sai ranar da za ta zube gaba ɗaya. In wajen da ya lalace yaɓen ƙasa ne a mayar masa da irinsa, birji mai kyau da aka kwaɓa da ciyawa ya kwana biyu, a cike ramin kaɗan-kaɗan ana bari yana bushewa, a bi da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, in ana samu. Masu yin laso irin na da, wato yaɓen hana ruwa wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, sun yi ƙaranci, amma in akwai tsohon magini a unguwarku da ya iya ku neme shi don bakin indararo da saman soro. In kuma gidan an riga an yi masa siminti tun tuni ba za a iya sauke duka ba, to aƙalla a toshe duk tsagar da take saman rawani, don ta nan ruwan yake shiga bayan filastar.

Fenti na ruwa za a shafa ta ciki. Fenti mai mai da tayil da bangon roba da ake mannawa duk rufe danshi suke yi, ba sa kashe shi, zai hau sama ya fito ta inda suka ƙare ko ya ɓulla ɗakin da yake kusa.

9. Kafin damina ta gaba

A ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu a hau a share gata da bakin indararo, a girgiza kowane kilif a ji ko ya saki. A sake hawa bayan ruwan farko, domin shi ne yake wanko duk ƙurar rani da ledar da iska ta ɗora a rufi ya tara su a bakin raga. Ruwa na biyu ko na uku kuma ka fita da lemarka ka tsaya a gindin bututun, ka sa hannu a bayansa ta wajen kowace mahaɗa ka ji ko a bushe yake.